Abin da matan Nima suka ce kan shayarwa

Bayan wani taron suna a Nima, wata unguwa a Accra, hira ta koma kan nono, kuma wata ungozoma da ke cikinmu ta fi kowa magana.

An fi daɗewa kan ruwa. Wata dattijuwa ta ce, "’Yata, da zafin Accra za a hana jariri ruwa?" Ungozomar ta ce, "Hajiya, nono kansa kusan duk ruwa ne, shi ke kashe masa ƙishi." Har wata 6 ba ruwa, ba koko, ba jiƙo, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Bayan nan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2.

Dakashi, nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, kada a matse a zubar. Kariya ce ga yaro, a ba shi cikin awar farko.

Idan kan nono na tsagewa, yawanci kamun ne bai yi ba. Jariri ya buɗe baki sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye, haɓarsa na taɓa nonon. Masu kukan nono bai isa ba, su duba yawan fitsari da katin awo. Yawan tsotso ne ke kawo nono, kunun gyaɗa taimako ne kawai.

Dokar ƙwadagon Ghana ta 2003 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na aƙalla mako 12. Amma mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, wa zai ba ta hutu? Aka ce ta goya jaririn zuwa wurin sana'a, ko ta tatsa a kofi mai murfi, a ba shi da cokali.