Sake karanta A Thousand Acres tare da King Lear

A karatun farko na A Thousand Acres, littafin Jane Smiley na 1991, a bi labarin kawai: Larry Cook, manomi a Iowa, ya raba gonarsa tsakanin 'ya'yansa mata. Kafin karatu na biyu a ɗauko King Lear, wasan Shakespeare da aka gina littafin a kansa, a dage kan fitowar farko da daren hadari. Harafin farko na sunayen 'ya'yan Larry da na 'ya'yan Sarki Lear zai nuna hanya: Ginny ita ce Goneril, Rose Regan, Caroline kuma Cordelia.

Inda ake kuskure shi ne tilasta wa kowace fitowa ta dace da ta wasan. Ginny ce ke ba da labari, don haka uban da ake tausayi a dandali, a nan abin tsoro ne. A tsaya sosai inda sinadarin taki ya makantar da Harold Clark, maƙwabcin Larry kuma makwafin Gloucester, wanda aka makantar a wasan.