Kosmos ɗina ganye kawai yake yi, fure shiru

Assalamu alaikum. Na shuka furen kosmos, ɗan asalin Meziko mai rayuwar shekara ɗaya. Yanzu ya kai mini ƙugu, ganye kore shar, amma ko toho ɗaya na fure babu, alhali an saba ganin furensa cikin kwana 50 zuwa 60. Karan ma laushi, iska kaɗan sai ya kwanta.

Na rage ban ruwa, na daina zuba taki, na tsinke kawunan. Rassa sun ƙaru, furen shiru. Rana kuwa tana samunsa yini guda. Zargina ƙasar ce, taki ya yi mata yawa tun kafin shuka.

Idan yawan naitirojin ne, wato sinadarin taki mai sa ganye ya yawaita, ta yaya zan rage ƙarfinsa ba tare da na tumɓuke shukar ba?