Tumfafiyar fadama mai farin fure da na dasa bara har yau ba ta tofo ba

Maman Amira, Ohayo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu lambu a nan Amurka ku ba ni shawara. Bara a watan Yuni na sayi tukwane uku na tsiron nan Asclepias incarnata, mai farin fure da ake kira Ice Ballet. Ni dai tumfafiyar fadama nake ce mata. Amira ce ta matsa mini, tun da malamarsu ta ba su labarin malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da baƙin zane, wato monak, da ke tafiya har Meziko idan sanyi ya gabato, kuma tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen dangin wannan tsiro. Na dasa su a bayan gida, gindin indararo, inda ruwa ke kwanciya. A Yuli suka yi fure fari tas, mai ƙamshi mai daɗi, ƙudan zuma suka yi ta zuwa, amma ko tsutsa ɗaya ba mu gani ba. Yanzu ga Mayu ya kama, komai na lambun ya tofo, su kuwa sai busassun karare uku. Maigida ya ce a tone a sa tumatir, yarinyar nan har kuka ta yi. Sun mutu ne? Ko farin furen ne ya sa monak bai zo ba, da mai ruwan hoda na saya?

Baban Khalil, Minesota:
Wa alaikumus salam Maman Amira. Ki roƙi maigida ya ƙara haƙuri, kada a taɓa wurin. Wannan tsiron shi ne kusan na ƙarshe wajen farkawa bayan hunturu, sai ƙasa ta ɗau ɗumi sosai. Nawa a nan wani lokacin sai ƙarshen Mayu nake ganin kansa. Shekarata ta farko ni ma na ɗauka ya mutu, na sa shebur na datse saiwar guda, har yau abin na damuna. Tun daga nan nake barin karan bara a tsaye ya zame mini alama. Wurin da kika zaɓa ma ya yi, muddin yana samun rana kamar awa 6 a yini.

Batun launi kuma, ki kwantar da hankalinki. Uwar monak ɗin ba fure take nema ba idan za ta saka ƙwai, ganye take nema, tana ɗanɗana shi da ƙafafunta. Ki riƙa juya ganyen daga Yuni zuwa Agusta, a ƙarƙashinsa take ajiye ƙwan, ɗaya tal, fari-fari kamar kan allura. Kwana 4 ko makamancin haka ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi kamar mako 2 tana ci. Za ta iya cinye miki ganyen kaf, kada ki tsorata, zai sake tofowa.

Hajiya Ladi, Merilan:
Ƙanwata, abu ɗaya nake zargi game da bara. Wasu masu sayar da tsirrai suna ba su maganin kwari da ke shiga har cikin ganye, ya daɗe bai fita ba. Na taɓa sayo biyu a wani babban kanti, tsutsotsi biyar da na ɗora a kai duk suka mutu cikin kwana biyu, ranar ban iya cin abinci ba. Yanzu sai na tambaya kafin in biya. Za ki kuma ga wasu ƙananan kwari rawaya sun yi cincirindo a kan kara. Kada ki yi feshi ko kaɗan. Ni da yatsa nake murje su, ko in watsa musu ruwa, bayan na duba babu ƙwai a wurin. In kina son ƙari, ki tara iri a kaka, ki naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda ki sa a firji wata guda kafin shuka, don sai ya sha sanyi yake tsirowa da kyau. Sai dai 'ya'yan farar ba lallai su fito farare ba.

Malam Isa, Katsina:
Ikon Allah, mu nan tumfafiya ko a juji fita take ba mai ba ta ruwa, ku can har da firji. Amma lallai dangi ɗaya ne, kuma a kan tamu ma akwai malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da ke saka ƙwai, ɗan uwan naku ne. Maman Amira, ki ja wa Amira kunne kan ruwan da ke fita idan an karya ganye, kada ya shiga ido. Ta wanke hannu duk lokacin da ta taɓa.

Maman Amira, Ohayo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe bayan na karanta saƙon Baban Khalil na durƙusa na share busassun ganyen da suka rufe gindin. A biyu daga ciki na ga 'yan tsiro jajaye-jajaye, ba su kai tsawon farce ba. Na ukun shiru tukuna, amma na kafa masa sanda. Tumatir an kai shi gefen katanga, Amira kuma ta ce ita ce mai duba ƙarƙashin ganye kullum in ta dawo daga makaranta.