Mayaƙan Chaos a Warhammer 40,000: suna tsufa kuwa?

Masu tsara labarin rundunarsu a wannan wasa na yaƙi da ƙananan mutum-mutumi sun tafka muhawara kan ko mayaƙan Chaos, wato sojojin da suka yi tawaye suka bi miyagun alloli, suna tsufa, kuma mafi rinjaye sun ce a daina haɗa tsawon rai da rashin mutuwa. Abaddon, babban jagoran mayaƙan Chaos, yana yaƙi tun tawayen da tsohon shugabansa Horus ya yi wa Sarkin 'yan Adam, shekara 10,000 ke nan, amma ba don ya gagari mutuwa ba. A Eye of Terror, wani yanki na sararin samaniya inda 'yan tawayen suka fake, lokaci ba ya tafiya daidai. Mayaƙi kan ƙirga shekara ɗari alhali a waje dubbai sun shuɗe. Don haka kada ka ƙayyade shekarun jaruminka, bar su a dunƙule.

Dawwama ta gaske sai wanda allolin Chaos suka ɗaukaka ya zama Daemon Prince, wato yariman aljanu, kamar Angron, shugaban wata rundunar 'yan tawaye: ko an kashe shi, Warp, duniyar allolin Chaos, yake komawa, daga baya ya dawo. Wanda jikinsa ya kasa ɗaukar baiwarsu kuwa rikiɗewa yake ya zama dodo marar hankali, kuma irinsu sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Wasu sun kafa hujjar tsufa da mayaƙan Nurgle (mai kula da cuta cikin allolin Chaos), masu tafiya suna ruɓewa, hanji a waje. A ganina wannan cuta ce, ba tsufa ba. Yawancin mayaƙan rundunar Thousand Sons kuwa ƙura ce kawai cikin sulke, ba jikin da zai tsufa.