Muhawara: Shin haɗa man giya 80W-90 da 85W-140 yana kashe aksul?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, jama'a. Jiya wani ɗan uwa ya ce duk wanda ya zuba man giya 85W-140 a kan 80W-90 a cikin difarenshiyal, wato tukunyar aksul mai raba juyi tsakanin tayoyi biyu, to ya kashe aksul ɗinsa, domin wai man biyu ba sa gaurayuwa. Wani kuma ya ce ai mai kaurin ma shi ya fi kare ƙarfe. Masana, ku raba mana gardama.

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar cewa ba sa gaurayuwa ba gaskiya ba ce. Man giya na mota da ake samu a kasuwa, na gargajiya ne ko sintetik, suna haɗuwa su zama abu guda, kaurinsu ya tsaya a tsakani. Yawancin aksul ɗin da ake kawo mana ya ƙone, idan muka kwance nocin zuba mai sai mu tarar babu man ne, ya tsiyaye ta sil ɗin da ya lalace, ko kuma ruwa ya shiga ya mai da shi fari-fari. Ni dai a tsohuwar mota 140 nake zubawa, domin yana kwantar da kukan aksul.

Injiniya: Oga, na yarda da farkon maganarka, amma ƙarshenta ina da ja. Ya kamata mu fara sanin abin da lambobin ke nufi a ma'aunin SAE J306, wanda ake rarraba kaurin man giya da shi. Lambar da ke gaban harafin W tana magana ne a kan sanyi: 75W yana iya gudana har a digiri 40 ƙasa da sifili, 80W a digiri 26 ƙasa da sifili, shi kuwa 85W a digiri 12 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu ita ce kaurin man idan ya kai digiri 100 na zafi. A ma'aunin kauri da ake kira sentistok, mai lamba 90 yana tsakanin 13.5 da 18.5, mai lamba 140 kuwa daga 24 zuwa 32.5. Ke nan 75W-90 da 80W-90 kusan abu ɗaya ne idan aksul ya ɗauki zafi, kuma musanya su a ƙasar da ba a tsananin sanyi ba ya jawo wata illa. Tazarar da ke tsakanin 90 da 140 ita ce babba, domin kaurin ya kusa ninkawa. Haƙoran giya suna iyo ne a cikin man suna watsa shi zuwa boris, kuma gwargwadon kaurinsa, gwargwadon ƙarfin da ake ɓatawa wajen dama shi, wannan ƙarfin kuma zafi yake zama, motar ta ƙara shan mai.

Direban babbar mota: Injiniya, ka yi haƙuri, littafi daban, hanya daban. Motar da ke ɗauke da kaya ta kama hawa cikin zafin rana, aksul ɗinta ba a iya taɓa shi da hannu. A irin wannan hali mai lamba 90 yakan tsinke, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Mu 85W-140 muka sani.

Injiniya: Alhaji, littafin ma yana tare da kai. Akwai masu ƙera motoci da ke rubuta 75W-140 ko 85W-140 ga motar da ke jan kaya masu nauyi, domin zafi na tsinka mai, kuma mai kauri zai bar shimfiɗar da ke raba haƙoran. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki hukuncin tirela a ɗora wa ƙaramar mota wadda aka ƙera aksul ɗinta domin 75W-90, ko ma 75W-85. Game da kukan da Oga ya ambata, man kauri rufe shi yake yi, alhali boris ɗin da ya ci ko haƙoran da suka saki suna nan suna ci gaba da lalacewa, mai mota kuma ya saki jiki yana zaton an gyara.

Bakanike: Mun san bai gyara ba, Injiniya. Amma mutumin da ba shi da halin kwance aksul a wannan watan, ka ce ya ajiye motar? Ina gaya masa gaskiya cewa jinkiri ne ya saya.

Malamar koyar da gyaran mota: Ku gafarce ni, kun tsaya a kan kauri kun bar abin da ya fi shi haɗari, wato lambar API da ke jikin galan, irin su GL-4 ko GL-5, mai nuna irin aikin da man ya dace da shi. Yawancin aksul na baya irin giyar da ake kira haifoid ne, inda ƙaramar giya ke shiga babbar daga ƙasan tsakiyarta, saboda haka haƙoran suna gogar juna da matsi mai tsanani. Wannan GL-5 yake buƙata, mai ɗauke da sinadaran farar wuta da fosfaras masu hana ƙarfe mannewa da ƙarfe. Wanda ya cika aksul da GL-4, ko da lambarsa 80W-90 ce daidai da ta littafi, ya rage wa haƙoran kariya fiye da wanda ya haɗa 90 da 140 dukansu GL-5. Haka kuma bai kamata a ɗauki GL-5 a zuba a giyabos da aka rubuta wa GL-4 ba, domin sinadaran na iya cin zoben tagullar da ke daidaita shigar giya. Sannan akwai aksul mai faifan kuloci a ciki, wanda ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai a cikin laka. Shi sai mai mai alamar LS, ko a ƙara masa sinadarinsa, in ba haka ba zai riƙa karkarwa a duk kwana.

Mai tambaya: To Malama, idan na duba a kan hanya na ga man ya yi ƙasa, kuma 85W-140 kawai na samu, in zuba ko in bari?

Malamar koyar da gyaran mota: Ka zuba, Malam, muddin GL-5 ne, kuma muddin aksul ɗinka ba mai buƙatar LS ba ne. Ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ka cika har man ya zo bakin ramin zubawa, kada ka wuce nan. Ɗan ƙarin da ka yi zai ɗaga kaurin kaɗan ne kawai. Idan ka isa, a nemo inda yake yoyo, a duba bututun shaƙar iska ko ya toshe, domin toshewarsa na tura mai ta sil, sannan a juye a zuba wanda littafin motar ya ambata.

Direban babbar mota: A kan wannan babu gardama. Amma ni tawa motar 140 littafinta ya ce, kuma ba zan sauka zuwa 90 ba ko don cikawa, sai dai idan babu wani a wurin.