Maigida ya samu aiki a Obuasi: in kwashi yara mu bi shi, ko mu yi zamanmu a Kumasi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san zaman Obuasi. A unguwar Aboabo muke nan Kumasi, cikin gidan surukaina. Maigida ya samu aikin walda wajen wani ɗan kwangila a mahaƙar zinariya, na shekara 2, wai ana iya sabuntawa. Tun bayan ƙaramar salla yana can, sai Asabar ya zo, in aikin dare ya faɗo masa kuma sai mu yi sati biyu ba mu gan shi ba. Yanzu ya ce ya gaji da abincin bakin titi da kuɗin mota, in shirya mu tare. Yaranmu uku: babban namiji ne, shekara 14, yana JHS 2 (aji biyu na ƙaramar sakandare), sai mace mai shekara 9, sai na goye. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce ba wanda zai kai mata jikoki garin galamsey, wato haƙar zinariya ta bayan fage. Ni ma yaron nan nake wa tsoro, don yana da son kuɗi da bin abokai. Amma kuma zaman nan babu uba a gida ya fara nunawa a jikinsa. Yaya zan yi?

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin ƙarƙashin ƙasa:
Wa alaikumus salam 'yata. A zangon Obuasi aka yanke mini cibiya, don haka ki gaya wa Hajiya ba daji za a kai mata jikoki ba. Tun 1897 aka kafa kamfanin zinariya na Ashanti Goldfields, jirgin ƙasa daga Sekondi ma sai da ya iso Obuasi a 1902 kafin ya ga Kumasi a 1903. Kakanninmu daga arewa suka gangaro neman aikin rami, suka yi masallatai, suka aurar da 'ya'ya a nan. Muna yara ba ma tambayar agogo, canjin ma'aikata ne agogonmu: ka ga iyaye maza sun fito da hular kwano da takalmin roba, jiki duk ƙura, ka san lokacin komawa gida ya yi. In an tashi makarantar allo sai hawan tudu neman mangwaro da harbin tsuntsu. Ranar ƙwallo kuwa gari kan tsaya cak, kowa yana filin wasa na Len Clay. A 1997 ƙungiyar garin ta kai wasan ƙarshe na Afirka, Raja Casablanca ta cinye mu da fenariti, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Amma ga abin da ya sa na yi magana. Garin nan da numfashin rami yake numfashi. A 2014 aka rage ma'aikata masu ɗimbin yawa, a 2016 aka dakatar da haƙa, sai ƙarshen 2019 aka sake narka zinariya. A tsakanin nan na ga masu shago sun rufe, masu gidan haya suna roƙon a shiga, mata sun kwashi yara sun koma Kumasi wajen iyaye. Mijinki kuma ba ma'aikacin kamfani ba ne, na ɗan kwangila ne, su ake fara sallama. Ki je, amma ɗakinku na Aboabo kada ki bari a ba wani. Ki bar gado da tukwane a ciki, ki riƙe makulli.

Mai waakye a Tutuka:
Baba ya gama magana. Ni ta mata zan faɗa miki, 'yar uwa. Kada ki yarda maigida ya kama ɗaki shi kaɗai, maza ba sa duba abin da muke dubawa. Ki zo da kanki. Ki tambayi inda ruwan gidan yake fitowa, famfo ne ko bohol ko rijiya, kuma yana ɗaukewa da rani ko a'a. Rafi kam ki manta da shi, wasu launinsu kamar koko saboda wankin ƙasa, ko wanki ban yarda a yi da shi ba balle yaro ya shiga. Ki zaga bayan gidan ki gani ko akwai tsoffin ramuka, don da damina ciyawa kan rufe bakinsu, ruwa ya cika su, yaro kuma bai san zurfi ba. Gidan kan tudu ya fi iska da sauƙin kuɗi, amma ke za ki riƙa hawa da goyo da kayan cefane, ki lissafa wannan ma.

Masu gida a nan ma kuɗin shekara ɗaya ko biyu suke nema a gaba, kamar Kumasi. Ki matsa a karɓi na ɗaya. Sauro da sauƙi, tun wajen 2006 ake bi gida-gida ana feshin magani a bango, in sun zo ki buɗe musu ƙofa, amma kada ki jefar da gidan sauronki. In kina da sana'a ki taho da ita. Ƙarshen wata in an biya albashi ko me kika kasa zai ƙare, tsakiyar wata kuwa sai bashi. Yaran Aboabo ai suna jin Tonanci, ba za su sha wahala ba.

Malamin makaranta daga Asawase:
Hajiya ƙarama, kan babban yaron zan tsaya. Wanda ke JHS 2 ba a tsige shi a tsakiyar shekara. Makaranta ce ke yi masa rajistar BECE, jarrabawar gama JHS, kuma makin da ya tara a aji yana cikin lissafi. Ko dai a yi canjin da dogon hutu kafin ya shiga JHS 3, ko a bar shi ya ƙarasa a inda malamai suka san shi. Ni na biyun na fi so. Yaro mai son kuɗi, ka kai shi ajin da sa'ansa ke ɓacewa kwana uku ya dawo da sabuwar waya, me kake tsammani? Ba da shiga rami suke farawa ba. Ɗaukar buhun ƙasa ne ranar Asabar, sai wanki, sai ya koyi ƙona zaiba a kan garwashi yana shaƙar hayaƙin da ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Daga nan allo da alli sun fita ransa.

Wani matashi, direban trotro (motar haya):
Malam, da girmanka, ban yarda ba. Kuna magana kamar Aboabo Makka ce. Nan ma akwai majalisar attaya har asuba, akwai tramadol, akwai cacar ƙwallo a waya. Hajiya za ta bi shi lungu ne? Kaka ai sai shagwaɓa. Ni babana yana Tarkwa na tashi, na san abin da na yi a bayan idonsa. Yaro ɗan 14 idon uba yake buƙata. Uban ma mai walda ne, ya riƙa jan shi bakin aikin hannu ranar hutu, ya ga kuɗin gumi da idonsa.

Malamin makaranta:
Uban da ke aikin dare, da rana yana barci? Kuma ba a shiga da yaro harabar ma'adinai, ƙanena.

Wata uwa daga Sabon Zango:
Ku dai kuna ta yaro. Ni dai na ce, namijin da ya fara ƙorafin abincin titi, wata ce za ta fara dafa masa. Ki bi mijinki, ɗiyata.

Wani ƙanen uba a gidan yawa:
An manta da Hajiya, ita ce kuwa mabuɗin. Kada maganar ta fito daga bakinki, za a ce ke kika raba ta da jikoki. Ɗanta ya samu wani babba da take jin nauyinsa su zauna. Obuasi fa kilomita wajen 60 ne, ta Anwiankwanta, mutum ya yi sallar asuba a can ya karya kumallo a Aboabo. A yi mata alkawarin duk suna da biki da salla da ku za a yi. In aka bar mata babban, an raba gardama, amma a ɗora shi a hannun namiji tsayayye a gidan, wanda zai san inda yake bayan isha'i, ba a hannunta ita kaɗai ba. Duk hutu kuma a sa shi a mota ya je wajen ubansa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida duka ta waya, da ya ji ta uwar Sabon Zango dariya ya yi ta yi, ni kuwa ban yi ba. Mun tsaya a kan ni da ƙananan biyu mu tafi bayan an yi hutu, babban ya zauna ya rubuta BECE a nan ƙarƙashin ƙanen babansa. Maganar makulli ma na riƙe, Baba. Kawu zai je wajen Hajiya ranar Juma'a, ku taya mu da addu'a. Anti mai waakye, Asabar mai zuwa zan shigo duba ɗaki. Wace unguwa ce ke da makarantar boko da Arabiyya kusa, wadda yarinya za ta je da ƙafa ba tare da ta tsallaka babban titi ba?