Neman kalma: ƙarfen da ake murɗawa a bakin bindiga, me za mu kira shi?

Maman Iman, Unguwar Rimi: Salamu alaikum 'yan'uwa, ku agaza min. Ƙarfe 4 na yamma za mu ɗauki shirin mafarauta a gidan rediyo, an kuma ba ni rubutun wani maharbi ɗan Amurka in mayar Hausa. Bayani yake yi kan yadda yake sauya ƙarfen da ake murɗawa a bakin bindiga a gidansa ba tare da ya ɓata ta ba. Turawa na ce masa "muzzle device", kuma iri uku ya ambata: mai rage dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa, mai ɓoye walƙiyar wuta, da mai rage ƙara. Na jefa wa manhajar fassara, ta ba ni "na'urar takunkumi". Ni kam ba zan faɗi wannan a iska ba.

Ɗan Tudun Wada: Takunkumi kuma? Cizo bindigar ke yi ko korona ce ta kama ta?

Malam Sidi: Laifin Turancin ne, kalma guda ce ga bakin dabba da abin ɗaure mata baki da kuma bakin bindiga. Namu a rarrabe yake. "Bakin bindiga" ya zauna tuntuni. Abin da ake ɗora masa sai a ce "hular baki", tunda sawa ake yi a cire.

Baban Khalifa, Kakuri: Malam, hula rufewa take yi, wannan kuwa a huje yake, ta cikinsa harsashi ke wucewa. Na yi aikin soja, bari in ɗan yi bayani kafin a raɗa suna. In albarushi ya kama, iska mai zafi ce ke tunkuɗa harsashi gaba, bindigar ita kuma ta dawo baya ta daki kafaɗa. Na farkon nan yana da ƙofofi a gefe, sai iskar ta fice ta nan maimakon ta bi gaba duka, dukan ya ragu. Amma wanda ke tsaye kusa da kai kunnensa ne zai biya kuɗin, don ƙarar ƙaruwa take yi a gefe. Na biyun watsa iskar yake yi don kada wutar ta dunƙule ta kashe wa mai harbi ido da dare. Mu dai birki muke ce wa na farkon, kowa ya gane.

Maman Iman: Allah ya saka, Baba. To in rubuta "birkin bakin bindiga"? Na ukun fa?

Ɗan Tudun Wada: Salansa mana. Wa bai san salansar babur ba?

Malam Sidi: Ga shi nan an fara. Birki, salansa. In haka ne a bar Turancin kawai a huta. Muna da linzami, abin da ake sa wa doki a baki don a sarrafa ƙarfinsa. Baki ne, ƙarfe ne, sarrafawa ce. "Linzamin bindiga". Na daɗe ban ga kalmar da ta zauna daram irin wannan ba.

Hajiya Bilki: Malam, an riga ka. Kullum labarai na cewa "makami mai linzami". Ta ce linzamin bindiga a rediyo, wani a ƙauye zai ɗauka maharbin roka yake haɗawa a ɗakinsa.

Malam Sidi: Waccan ce aka yi kuskure a kanta, ba tawa ba. Kuma kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana biyu. Kunama tana harbi a rami, tana kuma jikin bindiga, wa ya taɓa ruɗewa?

Hajiya Bilki: Wannan gaskiya ne, amma mai sauraro sau ɗaya zai ji, ba shi da damar komawa baya ya duba.

Usman Panteka: Ni makeri ne, bindiga ba sana'ata ba ce, amma murɗa ƙarfe kan ƙarfe shi ne abincina. Anti, in mutumin ya yi maganar lalatawa, tiredi yake nufi, wato zanen da ke zagaye jikin ƙarfe wanda noti ke bi in ana murɗawa. In ka ɗora noti a karkace ka danna da sifana, tiredi ya cinye, shi ke nan. Haka za ki faɗa, duk mai gyaran babur zai gane.

Maman Iman: Daidai, ya faɗi haka. Ya ce kuma wasu nasu a juye yake, wai wanda bai sani ba yana ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi.

Usman Panteka: Bahagon tiredi ke nan. Irin na fedar hagu a keke.

Baban Khalifa: Ƙirar Kalashnikov da aka fitar a 1959 haka bakinta yake, bahago. Amma 'yata, ki sa wannan a shirin ko da babu shi a rubutun: abin da Ba'amurke ke yi a garejinsa ba dokarmu ba ce. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, ta kuma hana ƙerawa ko gyarawa sai da izini. Ko a bariki soja ba ya kwance irin wannan don ra'ayin kansa, akwai mai kula da makamai, aikinsa ke nan. Kada wani yaro ya ji shiri ya ɗauko sifana.

Maman Iman: Na rubuta, Baba, da shi ma za a buɗe.

Bakano Zalla: Ni dariya ma kuke ba ni. A ce Kaduna za a zauna a yanke wa Hausa kalma? Garin da ake cewa "na je kasuwa na siya ruwa biyu"? Birkin bindiga ai Barikanci ne tsantsa.

Ɗan Tudun Wada: To sannu. Tun 1962 Rediyon Kaduna ke magana da Arewa, kakanka da shi ya ji labarin duniya. Masana'antar ƙera makaman soja ta ƙasa ma a nan Kakuri take tun 1964. In maganar bindiga ce, ku zo mu koya muku, ku kuma ku koya mana ciniki.

Bakano Zalla: Ƙera abu daban, sanin sunansa daban.

Hajiya Bilki: Don Allah ku bari, baiwar Allah na kallon agogo. Malam Sidi, tunda asali ake nema: bindiga daga Larabci take, albarushi haka, harsashi haka. Duk aro ne da ya tsufa har muka manta. Salansa kuwa ba ma kame-kame ba ce. Hiram Percy Maxim, wanda ya yi rajistar mai rage ƙarar bindiga a Amurka a 1909, ya ƙera irinsa na injuna, dabarar guda ce: a ba iska ɗakunan da za ta huce kafin ta fita. Sai dai a faɗa wa mutane ragewa take yi, ba shiru irin na fim ba.

Malam Sidi: Aro daga Larabci da aro daga garejin kanikawa ba ɗaya ba ne, Hajiya. Amma in an ƙi linzami, a bi sawun harbi-ruga da dafa-duka. A ce "rage-shuri", "ɓoye-wuta", "haɗiye-ƙara". Ginin Hausa ne, ba wanda zai ce ba a gane ba.

Baban Khalifa: Rage-shuri ta yi min. Da ma bindiga shuri take yi kamar jaki.

Ɗan Tudun Wada: Jaki ai harbi yake yi, Baba.

Baban Khalifa: To ka ce rage-harbi ka ga wanda zai saya.

Maman Iman: Saura minti 40, na tsayar. Babban suna "ƙarfen bakin bindiga". Sai rage-shuri, da ɓoye-wuta. Na ukun salansa zan ce, don haɗiye-ƙara ta yi min nauyi a baki, na gwada sau uku harshena na sarƙewa. Malam, biyu naka ne, ka yi haƙuri da ɗayar.

Malam Sidi: "Ƙarfen bakin bindiga" bayani ne, ba suna ba. Na karɓa don yau kawai.

Maman Iman: Mun gama ɗauka, alhamdu lillahi. Baƙonmu tsohon maharbi ne mai bindigar toka, ya saurara tsaf, ya ce tasa ba ta da ko ɗaya, tsumma yake ninkewa a kafaɗa. Ya maimaita rage-shuri sau biyu da bakinsa. Babban sunan kuwa har aka tashi "zoben nan" yake cewa.

Malam Sidi: Zobe ba ya sarrafa komai. Linzami dai. Ina nan, za ku dawo.